Kaki, Silanti ko Siramik: Wanne Ya Fi Jure Ƙurar Tofa?

Duk mai mota a Tofa, ko wanda ke bi da ita ta Janguza da Langel zuwa cikin Kano, ya san wankin safe ba ya kai la'asar. Da an sauka daga kwalta an hau burji, jikin mota ya koma launin hanya. Idan kuwa hunturu ne, ko a cikin gida ta kwana sai hazo ya lulluɓe ta kafin gari ya waye. Wannan ne ya sa kasuwar mayukan gyaran fenti take ci. A shagunan kayan mota na Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, da wasu wuraren wankin mota na zamani a birni, ana tallar abubuwa iri uku da alkawari kusan ɗaya: kakin mota, da silanti wanda haɗin masana'anta ne, da siramik wanda ya fi su tsada da suna. Kowanne ana cewa yana hana datti kama mota. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, a ƙasa irin tamu babu ko ɗaya daga cikinsu da ke hana ƙura sauka. Inda suka sha bamban shi ne yadda kowanne ke sakin datti idan ruwa ya taɓa shi, da tsawon lokacin da yake jure rana da sabulu. Kuma duk amfaninsu yana rataye ne a kan hannun da ke wanke motar.

Kafin a gwada su da juna, ya kamata a san abin da ake son karewa. Fentin motocin da ake ƙerawa tun wajen shekarun 1980 hawa-hawa ne: akwai shafen farko da ke manne wa ƙarfe ya hana tsatsa, sai launin da ido ke gani, sai wani shafe garai-garai a sama wanda masu fenti ke kira kiliya. Idan aka haɗa su duka, kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kiliyar ita kaɗai tana wajen 40 zuwa 50, wato sai an jera irinta ashirin kafin a sami milimita guda. Ita ce ke ɗauke da sinadarin da ke tare hasken rana mai kashe launi, ita ce kuma ke ba mota sheƙi, kuma abin da ya cinye daga jikinta ya tafi ke nan. Shi ya sa ake ganin rufi da bonet na motoci da yawa sun yi fari-fari suna ɓarewa. Fijo 504 da kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975 galibi fentinta ba shi da kiliya, idan ya dushe a goge shi da folish, launi ya sake fitowa. Folish kuwa, ko da yake mutane kan kira duk wani man mota da sunan, gari ne mai laushi da ke kankare saman fenti. Wanda ya riƙa yi wa motar yau abin da aka saba yi wa 504, kiliyarsa yake ci da kansa.

Sai kuma dattin kansa. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, kuma babban tushenta shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tafki na zamanin da wanda ya ninka Tafkin Chadi na yau sau da yawa. Masana na ɗaukar wannan kwari a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. A 1980 wani masani mai suna Grant McTainsh ya wallafa bincikensa kan saukar ƙurar hunturu a arewacin Najeriya a mujallar Nature, kuma aikinsa na cikin waɗanda suka nuna cewa wani kaso na ƙasar noman da ke kewaye da Kano daga sama ya zubo, shekara bayan shekara. Abin da ke ƙara wa gonakin Lambu da Doka albarka shi ne ke kwanciya a kan bonet. A kan wannan sai a ɗora ƙurar gida. Yankin nan kusan kowane taku nomansa ake yi duk shekara, da an kwashe amfani ƙasa ta zauna tsirara har damina. Ga burji da babura da tifa ke tayarwa, ga ƙaiƙayin sussuka da sheƙa a lokacin kaka, ga takin gida da ake kai wa gonaki da rani. Babban kason wannan ƙura, da ta nesa da ta kusa, garin dutsen ƙanƙara ne, wato abin da yashi yake da shi, gauraye da yumɓu.

Muhimmancin wannan yana fitowa ne idan aka zo maganar tauri. A 1812 wani Bajamushe masanin ma'adinai, Friedrich Mohs, ya jera duwatsu daga 1 zuwa 10 gwargwadon wanda ke iya kartar wani. Daimon yana 10, dutsen ƙanƙara yana 7, gilashin taga da bakin wuƙa suna tsakanin 5 da 6, farcen mutum yana biyu da rabi. Kiliyar mota dangin roba ce, tana can ƙasa, ba ta yi wa farce nisa sosai ba. Ke nan kowace ƙwayar ƙura da ke kan mota ta fi fentin tauri nesa ba kusa ba. Muddin tana kwance kawai, ɓarnarta kaɗan ce. Ɓarnar tana farawa ne lokacin da direba ko yaron mota ya ɗauko busasshen tsumma ya bi jikin mota da shi, al'adar da ake gani a kowace tasha da ƙofar gida da sassafe. A wannan lokacin tsumman ya zama samfefa, domin samfefa ma ba komai ba ce illa ƙwayoyi masu tauri da ake ja a kan abu mai laushi. Zanen da ake gani zagaye-zagaye a jikin baƙar mota idan rana ta haska ta, daga nan ya fito. Kowane zane kuma ƙaramin rami ne da datti zai maƙale a ciki gobe, don haka motar da aka fi gogewa a bushe ita ce ke fin saurin yin datti da wuyar fita.

Kaki shi ne mafi daɗewa a cikin ukun. Wanda ya fi suna ana samun sa ne daga ganyen wata bishiya dangin giginya mai suna karnoba, wadda ke fitowa a jihohin Piauí da Ceará a arewa maso gabashin Barazil. Bishiyar na fitar da shi don kada ganyenta ya bushe, manoma kuma su sare ganyen, su shanya, su kakkaɓe garin kakin su narka. Tsantsarsa ba ya narkewa sai a digiri 82 zuwa 86 na ma'aunin Salshiyos, alhali kakin zuma tun 62 zuwa 64 ya narke. Matsalar ita ce tsantsar ya yi tauri da yawa, ba ya shafuwa, dole a gauraya shi da mai da wasu kakuna masu laushi da sinadaran narkarwa, kuma wannan haɗin ne ke cikin gwangwanin da ake sayarwa. Kaki yana cike ƙananan zane, yana ba fenti sheƙi mai zurfi da ido ke so, ga araha, ga sauƙin shafawa. Sai dai kwanciya kawai yake yi a kan fenti, ba ya haɗewa da shi. A ƙasashe masu sanyi yakan yi wata biyu zuwa uku. A nan kuwa, inda zafin Afrilu kan kai digiri 40 a inuwa, bonet ɗin baƙar mota a rana kuma ya haura 70, man da ke cikinsa yana laushi, ƙura ta lafe a ciki, cikin 'yan makonni ya ƙare.

Silanti an ƙirƙiro shi ne don magance wannan rauni. Babu kakin itace a cikinsa, ko kuma kaɗan ne. Sinadarai ne dangin roba, yawanci daga gidan silikon, waɗanda idan aka shafa aka bar su suka sha iska sai su sarƙe da juna su kama fenti. Shi ya sa masu yin sa kan ce a bar mota awa 12 zuwa 24 ba tare da ruwa ya taɓa ta ba. Idan ya kama, samansa bushewa yake yi da santsi, babu maiƙo, kuma zafin da ke sassauta kaki ba ya yi masa komai. Yakan yi wata huɗu zuwa shida, masu kyau su fi haka. Masu son ado kan ce sheƙinsa bai kai na kaki zurfi ba, kuma da gaskiyarsu, amma wannan bambanci ne da sai mota tana fes ake lura da shi. Babbar falalarsa ga mutumin karkara ita ce, mai mota da kansa zai iya shafawa a ƙarƙashin rumfa da soso da tawul mai laushi, babu inji, babu gwani. Idan aka yi kuskure kuma gyaransa ba wuya, a wanke a sake.

Siramik ruwa ne da ke zuwa a 'yar ƙaramar kwalba, ɗauke da sinadaran da idan suka haɗu da danshin iska sai su daskare su zama wani siririn shafe dangin gilas, wanda ke haɗewa da kiliya haɗuwa ta gaske. Kaurinsa bai cika wuce maikiron 1 zuwa 2 ba. Masu yin sa kan ba shi shekara biyu zuwa biyar, kuma ya fi sauran biyun jure rana da sabulu mai zafi da kashin tsuntsaye. Amma yana da sharuɗɗa masu nauyi. Sai an wanke mota tas, an cire duk abin da ya maƙale a fenti, an bi ta da inji an share tsofaffin zane, an goge duk wani maiƙo, sannan a shafa shi gaɓa-gaɓa a cikin rufaffen ɗaki. Duk ƙwayar ƙurar da ta sauka kafin ya daskare ta zauna ke nan, duk zanen da aka bari a ƙasa an rufe shi har shekaru, kuma ba ya fita sai da inji. Yawancin kuɗin da ake biya na wannan aikin ne, ba na kwalbar ba. Saboda haka wanda ya ce zai yi maka siramik a gindin bishiya a bakin titi cikin watan Janairu, lokacin da iska ta cika da ƙura kuma babu danshin da sinadarin ke buƙata, sunan kawai yake sayar maka.

Hujjar da masu talla suka fi kawowa ita ce ta ruwa. Za su watsa ruwa a kan bonet, ya dunƙule ya gangara, su ce ka ga datti ma haka zai yi. Abin gwanin sha'awa ne, kuma yana da tushe a kimiyya. Ana auna shi da kusurwar da ɗigon ruwa ke yi da abin da ya zauna a kai: a kan tsohon fenti ɗigon bajewa yake yi, a kan kaki da silanti kusurwar takan kai wajen digiri 90 zuwa 100, a kan siramik wajen 110. Duk wanda ya taɓa ganin ganyen gwaza a fadama ya ga ƙarshen wannan abu, domin a can kusurwar tana kaiwa wajen 150, ruwa ya mirgina ya bar ganye a bushe. A 1997 wasu masana tsirrai biyu a Jami'ar Bonn ta Jamus, Wilhelm Barthlott da Christoph Neinhuis, suka bayyana sirrin a kan ganyen lotas, wani furen ruwa na Asiya mai kama da bado: saman ganyen cike yake da ƙananan tudu masu kaki, ruwa ba ya samun wurin zama, sai ya mirgina ya kwashe ƙura ya tafi da ita. Amma a lura da abu biyu. Mayukan mota santsi suke yi, ba su da waɗannan tudun, don haka ba su kai ganyen ba. Na biyu kuma, ganyen ma ba ya wanke kansa sai an yi ruwa. Kayan nan an tsara su ne a ƙasashen da ruwa ke sauka kusan kowane wata. A Kano yawancin ruwan shekara tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Mayu kuwa kusan wata bakwai ne babu abin da zai mirgina.

Bayan haka, dunƙulewar ruwa tana da illar da ba a cika faɗa ba. Ɗigon da ya dunƙule a kan rufi ko bonet, inda babu gangare sosai, tsayawa yake yi har rana ta shanye shi, kuma abin da ke cikinsa ya taru a wuri guda. Ruwan farkon damina, wanda ke saukowa bayan guguwa ta cika sama da ƙura, yakan bar motar da aka shafa wa mai da ɗige-ɗigen laka fiye da wadda ba a shafa wa komai ba. Haka ma ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse, mai ɗauke da ma'adinai irin na farar ƙasa, idan ya bushe a kan fenti mai zafi sai ya bar fararen zobba, waɗanda idan suka daɗe suna cin saman shafen. Siramik, duk da tsadarsa, sananne ne da wannan matsala. Maganinta ba ya cikin kwalba: a wanke mota a inuwa, da sassafe ko bayan la'asar lokacin da ƙarfe ya huce, a tsane ruwan da tawul mai tsabta kafin ya bushe da kansa. Dunƙulewar ruwa tana da amfani guda, ita ce alamar cewa man da aka shafa yana nan bai ƙare ba. Ba ta isa zama ma'aunin yadda zai yi da ƙurar rani ba.

To, a kan busasshiyar ƙura yaya ukun suke? Abu biyu ne ke riƙe ƙura a jikin mota. Na farko maiƙo ko danƙo, na biyu lantarkin gogayya. A tsakiyar hunturu danshin iska a Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, shi ne lokacin da riga ke tartsatsi idan an tuɓe ta a duhu, ƙofar mota kuma ta ja mutum idan ya taɓa. Fenti da kaki da silanti da siramik duk ba sa barin lantarki ya wuce, don haka idan aka goga musu busasshen ƙyalle sai cajin ya tsaya a sama ya riƙa jawo ƙura. Mai goge motarsa da tsumma yana zana ta, yana kuma kiran wata sabuwar ƙurar. A nan bambancin ukun bai kai yadda ake zuzutawa ba. Ajiye motoci uku a waje dare ɗaya cikin hazo, da safe duk za su yi fari. Bambancin sai an zuba ruwa yake fitowa: a kan siramik yawancin ƙurar kan bi ruwan ta sauka tun kafin a sa hannu, a kan silanti kusan haka, a kan kakin da ya sha rana kuwa wata takan lafe sai an cuɗa. Ƙarancin cuɗawa shi ne ƙarancin zane, kuma wannan ne ainihin ribar da mai mota ke saye da kuɗinsa.

Da damina lissafin yana ɗan sauyawa, siramik ya ƙara samun maki. Jan taɓon burji yana ɗauke da tsatsar ƙarfe, ita ce ke ba shi launi, ita ce kuma ke rina farar mota idan ya shiga ƙananan ramukan fenti ya bushe. Shafe mai santsi da ƙarko yana hana shi samun wurin kamawa. Kwaltar da taya ke fesowa daga titin da aka yi wa faci tana narkewa cikin kaki, kuma kananzir ko fetur da ake cire ta da shi yana tafiya da kakin gaba ɗaya, yana raunana silanti, siramik kuwa yakan jure. Sai inuwar darbejiya, wadda kowa ke rububin ajiye mota a ƙarƙashinta. Inuwar alheri ce ga fenti, amma tana zuwa da 'ya'yan itace da ke fashewa, da danƙo, da kashin tsuntsaye mai tsami, wanda a kan ƙarfe mai zafi zai iya barin tabo cikin yini guda. A nan ma jerin bai canja ba: siramik ya fi ba da lokaci, silanti na biye, kaki na ƙarshe. Sai dai lokaci kawai suke bayarwa. Kashin da aka bari ya kwana uku zai ci kowanne daga cikinsu, alhali jiƙaƙƙen ƙyalle da aka ɗora a kai na 'yan mintoci ya isa ya ɗauke shi.

Mai kare siramik zai ce, ai an rubuta 9H a jikin kwalba, wannan tauri ya isa ya tare ƙura ko da an goge a bushe. Wannan lamba ta ruɗi mutane da yawa, domin tana kama da ta Mohs, inda 9 ke dab da daimon. Alhali ma'aunin fensir ne. Masu gwada fenti suna da jerin fensira daga masu laushi irin 6B har zuwa 9H mafi tauri, su tura bakin fensir a kan shafe su ga wanne zai karce shi. Bakin fensir kuwa haɗin yumɓu ne da wani baƙin ma'adini mai laushi, mafi taurinsa bai yi kusa da dutsen ƙanƙara ba. Ƙari a kan haka, shafen da bai wuce maikiron biyu ba, kwance a kan fenti mai laushi, yana lotsawa tare da abin da ke ƙarƙashinsa idan aka danna masa ƙwayar yashi. Siramik yana rage ƙananan zane, wannan gaskiya ne, amma ba ya hana su, balle tsakuwar da tifa ke watsowa. Abin da ke tare tsakuwa shi ne ledar fenti mai kaurin maikiron 150 zuwa 200, wadda asalinta sojojin Amurka ne suka yi amfani da ita wajen kare farfelar jirage masu saukar ungulu daga yashi, kuma tsadarta ta fi ta siramik.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan abin da nake faɗa ita ce ta ƙarancin ruwa. Wani zai ce, da rani a ƙauye ruwan sha ma sai an bi layi a tuƙa-tuƙa ko an saya wajen 'yan garuwa, wa zai zuba wa mota jarka kullum? Tsumma dole ce ta kawo shi. Wannan magana ce mai nauyi, amsarta kuma ita ce ba kullum ake buƙatar wanki ba. Tunda ƙurar da ke kwance ba ta cika ɓarna ba, a share gilasai da fitilu da lamba saboda tsaro da doka, a bar jikin har ranar wanki, sau ɗaya a mako. Ran nan jarka ɗaya mai lita 25 za ta iya isar ƙaramar mota idan an bi tsari: a fara kwarara ruwa daga sama ya sauke ƙurar kafin hannu ya taɓa, a yi bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, a bar tayoyi da ƙasan ƙofa zuwa ƙarshe da wani soson dabam. Famfon feshi na goyo, irin wanda manoman yankin suka sani, yana sauke ƙura da ruwa kaɗan ƙwarai, da sharaɗin a ware sabo wanda bai taɓa ganin maganin ciyawa ko na ƙwari ba. A nan ne ma silanti da siramik ke biyan kuɗinsu, domin fenti mai santsi ruwa kaɗan yake sha. Tamfol kuwa, idan aka rufa shi a kan mota mai ƙura iska na kaɗa shi, aikin tsumma yake yi. Rumfa ta fi shi.

Sabulu shi ne ɗaya gefen. A mafi yawan wuraren wankin mota na bakin hanya da omo ake wanki, domin yana da araha yana kumfa. Garin wanki an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, yana da zafi irin na kanwa, a ma'aunin pH yana wajen 10, alhali sabulun mota na ruwa yana kusa da 7, wato tsaka-tsaki. Kaki dangin maiƙo ne, don haka wanki ɗaya ko biyu da omo sun isa su kwashe shi. Silanti zai ɗan jure, amma watanninsa za su ragu sosai. Siramik zai fi daɗewa, ko da yake shi ma santsinsa yana dusashewa. Ga kuma ƙwayoyin garin da ba su narke ba, ga soson da aka wanke taya da shi aka dawo da shi kan ƙofa. Mutum zai iya biyan kuɗi mai yawa a shafa masa mai ranar Asabar, ya kai mota wanki ranar Laraba a wanke kuɗin nasa a kwata. Wanda zai sayi ɗaya daga cikin ukun nan, kwalbar sabulun mota da tawul biyu masu laushi su ne farkon sayayyarsa, ya kuma riƙa tafiya da su wurin wanki ya miƙa wa mai wankin.

Akwai kuma masu cewa duk wannan zancen 'yan birni ne, Golf ko Sharon da ke jigilar fasinja da buhuna zuwa kasuwar Dawanau neman abinci take yi, ba gasar kyau ba. Ina tare da su rabin hanya. Motar da kiliyarta ta riga ta ɓare babu man da zai dawo da ita, shafa mata siramik asarar kuɗi ce tsagwaronta. Abin da irin wannan mota ke buƙata shi ne a riƙa wanke ƙarƙashinta da cikin mazaunin taya, inda taɓo ke taruwa ya riƙe danshi, a kuma share bayanta da ruwa duk lokacin da ta ɗauko takin zamani, domin yuriya da NPK suna jawo danshi suna cin ƙarfe. Amma fenti ba ado ne kaɗai ba, shi ne katangar da ke tsakanin ƙarfe da tsatsa, kuma ranar da za a sayar da mota dillali jikinta yake fara zagayawa kafin ya buɗe bonet. Kuɗin silanti na shekara bai kama ƙafar kuɗin sabon fenti ba. Wanda kuma ya yi sabon fentin, ya ba shi wata ɗaya zuwa uku ya gama fitar da sinadaransa kafin a rufe shi da komai, in ba haka ba zai iya dushewa.

Idan aka tattara, jerin a fili yake. Wajen sakin datti, siramik ne gaba, silanti na biye da tazara kaɗan, kaki na baya da tazara mai yawa; wajen ƙarko kuwa siramik ya yi wa duka biyun nisa. Amma idan aka sa kuɗi da yanayi a kan sikeli, silanti ne ya fi dacewa da yawancin masu mota da babur da adaidaita-sahu a Tofa: a shafa sau biyu a shekara, ɗaya a Oktoba kafin hazo ya sauko, ɗaya wajen Mayu kafin ruwa ya kankama. Siramik na mai mota ne mai lafiyayyen fenti, wanda ke da rumfa, ya sami gwani mai rufaffen ɗaki, kuma ya san wanda ke wanke masa mota. Kaki ya dace da mai son sheƙi na biki ko salla, wanda ya san na 'yan makonni ne. Mai shakka kuma yana da hanyar gwaji a hannunsa, gani ya kori ji: ya shafa man a rabin bonet ya bar rabi, ya yi mako guda yana harkarsa ba tare da gogewa ba, sannan ya kwarara ruwa ya ga ɓangaren da ya fi sakin ƙura. Kowanne ya zaɓa, matakin da ya fi duka tasiri kyauta ne: a daina bin mota da busasshen tsumma, a daina wanke ta da omo a tsakar rana. Wanda ya yi wannan kaɗai, ko bai sayi komai ba, fentinsa zai fi na wanda ya biya kuɗin siramik ya ci gaba da tsohuwar al'ada daɗewa.